Fiton da ke bin totur: yadda na gano ta inda yake shiga sifikun motata

Fiton ba ya zuwa sai inji na aiki. In na murɗa makulli rabi rediyo ya kama, sauti tas yake fita. Da zarar na tayar da mota sai wani siririn kuka ya biyo bayan muryar mai magana. In na taka totur ya hau, in na saki ya sauko, in na canja giya ya faɗi ya sake hawa. Rage murya ba ya rage shi ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, domin ni ba mai ƙure kiɗa ba ne. Labarai nake saurare da safe, a doguwar hanya kamar Kano zuwa Kaduna kuma karatun Alƙur'ani, to duk inda mai karatu ya tsaya jan numfashi, fiton ne ke cike gurbin. Kafin in kai Zariya kaina ya fara sarawa.

Motar Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, ta kuma bi ta hannun wani kafin ta zo hannuna. Ni na sa aka ɗaura mata sabon rediyo, da amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi a but, da ƙaramar wufa, wato sifika mai fitar da sauti mai kauri. Da na koma wa wanda ya yi aikin sai ya ce ai haka motocin nan suke, in je Sabon Gari in sayo filta ya maƙala mini. Ban yarda ba. Kafin a taɓa motar babu wannan kuka, ke nan aikin ne ya buɗe masa hanya, kuma na ɗan taɓa karatun lantarki a makarantar fasaha, na san abin da aka buɗe ana iya nemo shi a rufe.

Duk ƙarar da ke hawa da sauka tare da inji, a fara zargin altaneta, na'urar da inji ke juyawa tana caja batir. Wutar da take haifarwa mai kai da komo ce, layi uku, sai diyod shida da ke cikinta su miƙe ta ta zama irin wadda batir ke sha. Miƙewar ba ta cika ɗari bisa ɗari, ana barin 'yan ƙananan tudu a kan wutar. A yawancin altanetocin ƙananan motoci tudun nan 36 ne a kowane juyi guda, ita kuma altaneta tana juyi ninki biyu zuwa uku na juyin inji. In aka lissafa, mota na sulo ana samun tudu sama da dubu a daƙiƙa, a kan hanya kuma su kai dubu huɗu ko biyar. Kunnen ɗan Adam ya fi kaifi tsakanin kaɗawa 2,000 da 5,000 a daƙiƙa, shi ya sa fiton ke huda kai ko da ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa kuma ya fi fitowa ta ƙananan sifikun gaba. Kowace mota na da waɗannan tudu, har wadda aka fitar daga kamfani jiya. Abin nema shi ne ta wace ƙofa suka samu shiga cikin sauti.

Duk da haka sai da na tabbatar altanetar lafiyarta lau, don diyod ɗaya in ya mutu tudun sukan yi girman da babu dabarar wayarin da za ta ɓoye su. Na je wurin wani dattijo mai gyaran wayarin mota a wajen Ƙofar Ruwa, na ari mitarsa ta auna wuta, mai kyau. Ƙananan mitoci masu araha, in ka sa su a AC, wato awon wuta mai kai da komo, ka ɗora kan batir, sai su nuna maka wajen bolt 30, lambar da ba ta da ma'ana, saboda ba sa iya ware wutar batir daga tudun da kake nema. Tasa ta nuna bolt 12.6 mota a kashe, 14.1 inji na aiki, a AC kuma 0.05. In ta doshi rabin bolt a AC, to altaneta ce za a sauke. Wani yaron shagon ya miƙa hannu zai cire kan batir inji na aiki, wai a gani ko mota za ta mutu. Dattijon ya buge masa hannu. Na ji daɗin hakan, domin wannan gwaji ya zama ruwan dare a garejinmu, alhali batir ne ke shanye hauhawar wuta. In ka cire shi, hauhawar kan diyod da kwamfutar mota za ta sauka.

Na ce masa, "Baba, to ina zan nufa?"

Ya ce, "Malam, raba su. Cire ɗaya ka saurara, mayar ka cire na gaba. Wanda ka cire kuka ya tsaya, nan za ka tona."

Haka na yi a ƙofar gida da yamma. Na buɗe but, na kashe komai, na zare wayoyin sauti masu kai ja da fari, wato RCA, daga jikin amfilifaya, sannan na tayar da mota. Shiru. Na kawo wayar hannuna, ba a jone da caja ba, na haɗa ta kai tsaye da amfilifayar, na sa karatu, na ce wa ƙanena ya taka totur. Sauti garau, babu fito. Wannan ya wanke amfilifaya da sifiku. Na mayar da RCA ɗin rediyo, fito ya dawo nan take.

A nan mutane da yawa kan ce ai an bi da RCA gefe ɗaya da babbar wayar wuta, sai a kwance kujeru a ɗaga kafet a canja mata hanya. Yana faruwa, amma a ganina an fi ɗora wa wannan laifi fiye da abin da yake aikatawa. Kafin in kwance ko noti ɗaya, na ari doguwar RCA na shimfiɗa ta a kan kujeru, daga dashbod har but, nesa da kowace waya. Fiton bai canja ba. Ke nan ba daga hanya yake tsallakowa ba, kuma na tsira daga wahalar ɗaga kafet a banza.

Abin da ya rage shi ne wayar bodi, kuma nan ne gaskiyar maganar take. A mota, waya ɗaya ce ke kai wuta wurin na'ura, komawarta kuwa ta jikin ƙarfen motar ne. Rediyo na ɗaure da bodi a gaba, amfilifaya na ɗaure da bodi a baya, RCA kuma ta haɗa su biyun, rigar ƙarfen da ke nannaɗe cikinta tana taɓa negatif ɗin kowannensu. In ɗaurin baya bai kama da kyau ba, wutar da za ta koma batir sai ta nemi wata hanya, kamar ruwan damina da ya tarar da kwata a toshe ya bi ta zauren mutane. Zauren nan shi ne RCA, wayar da aka yi don ɗaukar sauti ɗan mitsitsi. Wutar ta shigo da tudun altaneta a kanta, amfilifaya kuma ba ta san bambanci ba, duk abin da aka ba ta ƙara masa ƙarfi take yi.

Na bi baƙar wayar amfilifaya da hannu har inda ta ƙare. An ɗaure ta ne da ɗan ƙaramin sukuru a jikin wani siririn ƙarfe kusa da fitilar baya. Da na kwance, sai ga fenti lafiyayye a ƙarƙashin kan wayar, na kankare da wuƙa, farin gari ya zubo: an taɓa buga motar ta baya, mai gyaran bodi ya cike wurin da hoda ya fesa fenti. Haƙoran sukurun kaɗai ke taɓa ƙarfe, su ma sun yi tsatsa. Wayar kanta ta fi ta fozitif siranta, tsawonta ya haura mita ɗaya, kuma da na kankare silinta sai jan ya tafi fari ya bayyana. Alminiyum ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, irin wadda ta cika kasuwa, wadda ba ta ɗaukar fiye da kashi biyu cikin uku na wutar da jan ƙarfe zalla mai kaurinta zai ɗauka. Na auna da mita tsakanin negatif ɗin batir da negatif ɗin amfilifaya, sauti na tashi, fitilu a kunne: bambancin ya kai bolt 0.6. Ya kamata a ce bai wuce 0.1 ko 0.2 ba.

Na cire negatif ɗin batir kafin in taɓa komai. Na samo guntun wayar walda, jan ƙarfe zalla mai laushi, kaurinta daidai da ta fozitif, na yanke ta ƙasa da santimita 45. Na nemi wuri mai kauri a daɓen but, na leƙa ƙasa na tabbatar babu tankin mai ko bututun birki, na huda, na goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli faɗin kwalbar lemo. Na matse kan wayar da kyau, na ɗaure da noti da wosha mai haƙora, sannan na shafe saman da giris don kada tsatsa ta dawo.

Tun da na ga haka a baya sai na buɗe bonet. Negatif ɗin altaneta jikinta ne, jikinta na manne da inji, inji kuma a kan roba yake zaune. In babu wayar da ta haɗa inji da bodi, wuta ba ta da hanyar kirki. Tawa tana nan, amma rabin silinta sun tsinke, sauran sun yi kore, notin ma da yatsa na juya shi. Da alama an taɓa sauke injin aka mayar da ita a gaggauce. Na canja ta, na canja wadda ta taso daga negatif ɗin batir zuwa bodi. Bambancin nan na 0.6 ya faɗo ƙasa da 0.1, har fitilun gaba suka daina lumshewa in wufa ta buga.

Na tayar da mota ina sa ran shiru. Fiton ya ragu sosai, amma yana nan.

Na zaro rediyon daga dashbod na bar shi a jone. Na ɗauki guntuwar waya, na taɓa baki ɗaya a zoben waje na RCA, ɗaya bakin a jikin ƙarfen rediyo. Fito ya ɗauke ɗif. Na ɗaga, ya dawo. Na kashe komai na auna da mita, babu haɗi tsakanin zoben da jikin rediyon, alhali a irin wannan rediyo ya kamata su zama abu ɗaya. Wasu rediyoyin suna da wani fis ƙanƙani a ciki, ko siririn layi a kan allo, da ke haɗa zoben da negatif. Babbar wuta in ta bi ta RCA sai ya ƙone. Abu biyu ke jawo haka: a soka RCA alhali komai na kunne, ko amfilifaya ta rasa ɗaurin bodi mai kyau. Wato sukurun nan na kan fenti bai tsaya ga kawo ƙara ba, har cikin rediyo ya shiga ya yi ɓarna. Na nannaɗa silin jan ƙarfe a zobban, na ɗaure ƙarshensa a notin bayan rediyo, na naɗe da salatif. Wannan na wucin gadi ne. Daga baya mai gyaran rediyo ya buɗe ya maye fis ɗin, kuma hakan ya fi, don fis ɗin kariya ce.

Sai maɓallin da aka rubuta Gain a jikin amfilifaya, wanda na tarar an murɗe shi har ƙarshe. Masu ɗaurawa na yin haka don mai mota ya ji ƙarfi ya biya da murna. Ba maɓallin murya ba ne. Aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin abin da rediyo ke turowa, wani bolt 2, wani 4. In aka ƙure shi, kowace 'yar ƙara da ke layin za ta kumbura. Na mayar da shi ƙasa, na kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, na dinga ɗaga shi a hankali har sauti ya fara gurɓacewa, sannan na ɗan ja baya. Bai kai rabi ba ya tsaya, kuma ƙarfin ya ishi motar.

Da na sayi filtar nan tun farko, mai yiwuwa fiton ya yi shiru, domin ƙananan taransfoma ne a cikinta da ke yanke haɗin ƙarfe tsakanin rediyo da amfilifaya. Amma masu arahar suna cinye ƙasan sauti, wufar da na biya kuɗi sai ta zama ta ado. Abin da ya fi damuna shi ne sukurun zai ci gaba da zama a kan fenti, yana ɗumi duk lokacin da aka ƙara murya, a cikin but mai kafet, wayar inji kuma ta ci gaba da tsinkewa har ranar da mota za ta ƙi tashi. Ban ce filta ba ta da amfani ba. Wanda ke jona wayar hannu da rediyo ta igiya yana kuma caji a lokaci guda, ita ce maganinsa mafi sauƙi.

Ba kowace ƙara ce ta altaneta ba, kuma kunne na iya rarrabewa. Mai ƙas-ƙas-ƙas da ke ƙara sauri da totur ba tare da ta zama fito ba, daga fulogi ko kwayil take, ta fi kuma addabar tashoshin AM. A duba ko an sa fulogi marasa rezista, masu ita galibi akwai harafin R a lambarsu. Wadda ke zuwa da kunna fanka ko abin share gilashi, ta wannan na'urar ce. Ni ma akwai wadda ta rage mini bayan fito ya tafi: wani shuuu da ke rufe tashoshin FM da zarar na fara nisa da gari. Na lura ba ya bin totur, kuma yana nan ko inji a kashe. Na zare cajar wayar da ke soke a ramin dashbod, tasha ta fito sarai. Irin waɗannan cajoji suna sauke bolt 12 zuwa 5 ta hanyar kunnawa da kashe wuta sau dubbai a daƙiƙa, marasa ingancin kuma ba a sa musu abin tace hayaniyar da hakan ke haifarwa. Wasu ƙwayayen fitila na LED ma haka suke yi. Na je shago da motar, na ce wa mai kaya zan gwada kafin in biya, na kama tasha mai rauni na dinga soka caja ina zarewa har na samu wadda ba ta taɓa sautin ba, ita na saya.