Mutumin da ya ƙi sa hannu a Filadelfiya

Ranar 12 ga Satumba 1787, saura kwana biyar a tashi daga taron rubuta kundin tsarin mulkin Amurka a Filadelfiya, wani dattijo daga jihar Bajiniya, George Mason, ya miƙe ya ce an bar baya da ƙura: babu inda aka jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Ya ce aikin 'yan sa'o'i ne, tunda jihohi suna da nasu da za a duba. Ba da ka yake magana ba, shi ya rubuta na Bajiniya a 1776. Amma wakilai sun gaji, tun watan Mayu suke kulle a ɗaki ɗaya cikin zafi, hankalin kowa ya yi gida. Aka kaɗa ƙuri'a jiha-jiha, ko ɗaya ba ta goya masa baya ba. Ranar 17 ga wata mutum 39 suka sa hannu. Mason ya ƙi, shi da Elbridge Gerry da Edmund Randolph.

Darasin Gwamnati nake koyarwa a sakandare, kuma idan muka zo kan tsarin shugaba mai cikakken iko da Najeriya ta aro daga Amurka a 1979, nakan daɗe kan wannan labari fiye da yadda manhaja ta tanada. Nakan raba ajin gida biyu. Kusan kullum masu kaifin baki ɓangaren Alexander Hamilton suke rugawa, don hujjarsa tana da daɗin faɗi.

Cikin maƙaloli 85 da shi da James Madison da John Jay suka wallafa da sunan aro Publius don kare sabon kundin, Hamilton ya ce jerin haƙƙoƙi ba shi da amfani, har ma yana da haɗari. Gwamnatin tarayya ba ta da wani iko sai wanda kundin ya lissafa mata. Ba a ba ta ikon taɓa jarida ba, to don me za a rubuta cewa kada ta taɓa? In ka jera haƙƙi goma, gobe wani mai wayo zai ce na sha ɗaya babu shi. Madison ma a lokacin yana ganin irin wannan jeri katangar takarda ce, masu rinjaye za su keta ta duk ranar da suka ga dama.

Hujja ce ta masu ilmi, ban raina ta ba. Ni dai ina tare da Mason. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce cewa in an ƙulla bashi a rubuta, kuma da muminai take magana, ba da 'yan damfara ba. In tsakanin masu amana ma sai an rubuta, ina ga tsakanin talaka da mai sojoji da gidan yari?

Kundin yana buƙatar amincewar jihohi 9 cikin 13. Na farkon sun amince cikin sauƙi, sai aka zo Massachusetts tafiya ta cije. A Fabrairun 1788 aka samo mafita: a amince yanzu, a haɗa da jerin gyare-gyaren da ake so a yi daga baya. Da haka ya tsallake, 187 da 168. A Bajiniya, inda tsohon gwamnan jihar Patrick Henry ya yi ta ragargazar kundin, 89 da 79. A Niyok 30 da 27. Wato da mutum biyu sun sauya ra'ayi, da Niyok ta ce a'a.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Madison ya juya. Thomas Jefferson yana ta rubuto masa daga Faransa cewa jerin haƙƙoƙi abu ne da jama'a suka cancanta a gaban kowace gwamnati. Amma ina zaton akwatin zaɓe ya fi wasiƙa tasiri. Henry ya tare wa Madison hanyar majalisar dattawa, ya koma neman kujerar wakilai, ya tarar da James Monroe a gabansa, dole ya yi wa masu zaɓe alkawarin gyara. Ya ci, kuma ya cika. Ranar 8 ga Yuni 1789 ya gabatar da gyare-gyaren, majalisa ta aika wa jihohi gyare-gyare 12, aka amince da 10 ranar 15 ga Disamba 1791. Na tara amsa ce ga Hamilton kai tsaye: lissafa wasu haƙƙoƙi ba ya nufin sauran sun faɗi.

Akwai yarinya a ajina da ta taɓa ɗaga hannu a daidai nan ta ce, "Malam, to bayi fa?" Tambayar tana kan hanya. Ƙidayar 1790 ta samu bayi kusan 700,000, Mason kansa yana da su, kuma takardar ba ta kwance ko mutum ɗaya ba. 'Ya'yan gida ma ba su tsira ba. A 1798 aka yi dokar hana sukar gwamnati, aka ɗaure ɗan majalisa daga jihar Vermont, Matthew Lyon, wata huɗu da tarar dala 1,000, duk da gyara na farko, mai kare 'yancin faɗin albarkacin baki da na jarida, yana nan baƙi da fari. Mutanen Vermont suka sake zaɓensa yana kurkuku. Sun san an taka wani abu, kuma suna da layin da za su nuna da yatsa.

Namu jerin ma tsoro ne ya haife shi. Ƙananan ƙabilu sun ji tsoron danniyar manyan kafin 'yancin kai, hukumar Willink da Birtaniya ta kafa don duba kokensu, a rahotonta na 1958, ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙi cikin kundi, aka sa a na 1960. Yau su ne Babi na Huɗu na kundin 1999, wanda ba a taɓa kai shi gaban jama'a su yi irin wannan ja-in-ja ba, da dokar soja aka kafa shi.

Duk da haka ba na barin ɗalibi ya fita hannuna bai haddace sashe na 35 ba: wanda aka kama, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Yana fitowa a jarrabawata kowane zango.