Hazo da rediyon Baba

Jiya da dare kuran ya ɗauke, hazo ya rufe Maradi ko tauraro guda babu, amma rediyon Baba na ta zuba abinshi. Sai ƙanena ɗan jami'a ya ce wai haka masana ke leƙen M82, wani garken taurari mai nisan tafiyar haske shekara miliyan 12, taurari na ta haihuwa can kamar fara, ƙura ta rufe cikinshi ruf. Hasken sabbin taurarin ke fizge elektron, wata 'yar ƙwayar lantarki, daga iskar haidrojin da ke can, in elektron ɗin ya dawo yana saukowa mataki mataki sai ya saki siginar rediyo, ita ko ƙura ba ta tare ta, da faranti 27 na VLA, wata tashar sauraren sararin samaniya can Amurka, ake kamo ta a auna yawan iskar da gudunta. Ni wallahi kaina ya ɗau zafi. Baba ya ce mu yi shiru za a fara labaru.