Husufin wata a Jos: yadda ake gane duniyoyin da ke kusa da shi

Wata ba ya husufi sai ya cika, wato daren 14 ko 15 ga watan Musulunci, lokacin da duniya ta shiga tsakaninsa da rana, inuwarta ta faɗa masa. Kallonsa da ido ba ya cutarwa, saɓanin husufin rana. Inuwar takan yi kusan awa ɗaya tana cin gefensa kafin ta rufe shi ruf, sai ya koma ja kamar garwashi, domin iskar da ta lulluɓe duniya tana karkato jan haske zuwa gare shi.

A wannan lokacin ne sama ke yin duhu, taurari su fito, kuma abin takaici ne mutum ya tsaya kan wata kaɗai. Tauraro yana ƙyalƙyali, amma duniyoyi, wato 'yan uwan duniyarmu da ke kewaya rana, haskensu a tsaye yake. Mirriku (Mars) ja ne, Mushtari (Jupiter) fari tas mai ƙarfi, Zuhalu (Saturn) kuwa rawaya-rawaya. A husufin 27 ga Yulin 2018, wanda ya ɗauki awa 1 da minti 43 a rufe, Mirriku na nan dab da wata. A na 7 ga Satumbar 2025 Zuhalu ne a kusa. Zara dai, duk da ana ce mata matar wata, kada ka neme ta a gefensa: ba ta nisa da rana fiye da digiri 47, shi kuwa wata mai husufi yana ɗaya ɓangaren sama.

Tabarau mai hangen nesa na 10x50, wato mai ninka girma sau 10, ya isa ya nuna manyan watanni huɗu da ke kewaya Mushtari, muddin ka jingina gwiwar hannu kan katanga, don rawar hannu ce ke ɓatar da su. Zoben Zuhalu sai da madubin da ke ninka girma aƙalla sau 30. Hoton wata da aka ɗauka da waya kan fito da farin dunƙule saboda kyamara ta buɗe wa duhu da yawa. Taɓa watan a allo, rage haske, kafa wayar, ka sa ta ɗauka bayan daƙiƙa 3.

Matsalarmu a Jos hadari ne da damina, hazo da hunturu. Akwai cikakken husufi daren 20 ga Disambar 2029, tsakiyarsa wajen 11:40 na dare, wata na can sama inda hazo ya fi sauƙi. Fita daga fitilun gari, ka nufi wajen tsaunukan Shere da rigar sanyi mai kauri, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu ba tare da duba waya ba.