Laraba: Kawu da robar ƙwannafi

Sanyin Jos yau ba sauƙi. Famfo shiru tun asuba.

Bayan la'asar Kawu ya shigo da fara'arsa, waya a hannu. An turo masa bidiyo a WhatsApp: wai a zura bututu mai kyamara ta baki, a dasa roba a ƙasan hanyar abinci, ƙwannafi ya tafi ke nan. Ya ce ya gaji da omifirazol, maganin ƙwannafin da yake sha, in binciko masa inda ake yi a Abuja.

Na ce Kawu zauna tukuna. A mahaɗar hanyar abinci da ciki akwai tsokar da ke tsuke bakin kamar zariyar wando. In ta saki, ruwan tsami ya taso. Abin da ke bidiyon Enteryx ne, narkakkiyar roba da aka gauraya da garin wani ƙarfe, tantalum, don ta fito a hoton ƙirji. Ana tsira allura cikin tsokar, a tura mililita 6 zuwa 8 sannu a hankali, robar ta daskare a wurin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita a 2003, kamfanin Boston Scientific ya janye ta a 2005. Bangon wurin siriri ne, allura kan zarce robar ta kwarara cikin ƙirji, har babbar jijiyar jini. An rasa rai. Kuma in ta daskare ba ta ciruwa da sauƙi. Gatekeeper na kamfanin Medtronic, wani dashen makamancin wannan, shi ma an bar shi, gwaji bai nuna amfaninsa ba. Zoben maganaɗisu na LINX, da ake zagaye ƙasan hanyar abinci da shi, yana nan, amma tiyata ce ta ƙananan hudoji a ciki, ba ta baki ba.

Sai na tambaye shi yaushe yake shan maganin. Da dare, bayan tuwo! Na ce a'a Kawu, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. A ɗaga ƙafafun gado ta wajen kai santimita 15 zuwa 20, tara matasai ba ya yi. A bar awa 3 tsakanin abinci da kwanciya. In haɗiya ta fara wuya, ko rama, ko aman jini, a je asibiti a leƙa cikin da kyamara.

Ya tafi ba ya ko dariya. Ni ma raina ya ɓaci: an janye abu tun 2005, har yau ana tallata shi ga dattawa, kuma Kawu ya riga ya tura wa mutanen masallacinsu.