Yaushe rabonka da ganin ungulu?

Kwanakin baya ɗan yayata yana ta duba wani littafin makaranta mai hotunan tsuntsaye, sai ya kawo min ya nuna wani hoto ya ce, "Kawu wannan wace irin kaza ce mai sanƙo?" Na duba, ungulu ce. Dariya na fara yi har da riƙe ciki, daga baya kuma sai dariyar ta tsaya min a maƙogwaro, don na tambayi kaina ni ma yaushe rabona da ganin ungulu ido da ido, na yi ta lissafi na kasa tunawa. Yaro ɗan shekara tara bai taɓa ganinta ba. Mu da muka taso muna jifanta muna ce mata ƙazama, har karin magana muke da shi a kanta, ungulu ba kya jewar banza, to yanzu jewar ma babu, kuma ban ji wanda ya yi cigiya ba.

Gaskiya ni ban taɓa son tsuntsuwar nan ba, kar ma in yi ƙarya. Na taɓa tsayawa kusa ina kallon su a kan mushen jaki, wallahi har yau ina tuna yadda ɗaya ke cusa kai gaba ɗaya har wuya cikin cikin mushen ta fito da shi jage-jage, sauran suna ta tsalle-tsalle da fukafukai a buɗe suna ture juna, ga wari ga ƙudaje. Na toshe hanci na wuce. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne washegari da na sake bi ta wajen babu komai sai ƙashi da fata, warin ma ya tafi. Ban tambayi kaina wa zai yi wannan aikin in ba su ba.

Indiya ce ta samu amsar wannan tambayar, kuma ba ta ji daɗinta ba. A shekarun 1980 ungulayen ƙasar sun kai miliyoyi masu yawan gaske, kuma ƙasa ce mai ɗimbin shanu da akasari ba yanka su ake yi ba, in saniya ta mutu sai a fitar da ita fili, garken ungulaye ya sauka, kafin awa ɗaya sun gama da ita. A shekarun 1990 sai aka fara ganin ungulayen suna zama a kan bishiya kai a sunkuye, bayan 'yan kwanaki su faɗo matattu. An yi ta zargin wata sabuwar cuta ce, an yi ta bincike shekara da shekaru. Sai wajen 2003 zuwa 2004 wani likitan dabbobi Ba'amurke, Lindsay Oaks, da abokan aikinsa da ke bincike a Pakistan suka gano ashe maganin ciwon jiki ne, daikulofenak, wannan dai da mutane ke sha in gaɓoɓi na ciwo. Ya yi araha, masu dabbobi suka shiga yi wa shanu allurarsa, saniyar da ta mutu da maganin a jikinta in ungulu ta ci namanta sai ƙodarta ta daina aiki. Kuma abin tsoron, ba sai mushe da yawa sun gurɓata ba, lissafi ya nuna ko ɗaya cikin ɗari bai kai ba ya isa ya kawo wannan ɓarnar, saboda mushe guda ungulaye da yawa ke taruwa a kansa. Wani jinsin mai farin baya ya ragu da kashi 99.9 cikin ɗari tsakanin 1992 da 2007. Ka sake karanta adadin nan, cikin dubu saura ɗaya kenan.

To daga nan ne aka gane me take yi. Cikin ungulu akwai ruwan narkar da abinci mai tsananin ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, wato in cuta ta shiga cikinta yawanci nan ta ƙare. Da ta ɓace mushe ya riƙa kwana da kwanaki a fili yana ruɓewa, ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi da rijiya, karnukan da ba su da iyayengiji da ɓeraye suka samu abinci a sauƙaƙe suka hayayyafa, shi kuma kare ba kamar ungulu ba ne, ya ci mushe ya dawo cikin mutane, ga cizo ga cutar haukan kare. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun fitar da bincike a 2024 inda suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ƙiyasi ne, na sani, ana iya jayayya a kan adadin, amma ko rabinsa ne ai ba ƙaramin abu ba ne a kan tsuntsuwar da kowa ke toshe wa hanci. Indiya da Pakistan da Nepal sun hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, aka koma wani mai suna meloksikam da ba ya yi musu illa. Sai dai ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, kuma sai ta yi kamar shekara biyar kafin ta fara, kun ga abin da aka rushe cikin shekara goma sha biyar ba a san ranar da zai dawo ba.

A Afirka kuma salon daban ne, da gangan ake yi. Masu kashe giwa don haure sun gane cewa jewar ungulu a sama ita ke tona musu asiri wajen masu gadin daji, sai su zuba guba a gawar giwar. A Botswana a watan Yunin 2019 an tsinci ungulaye 537 matattu a kusa da gawar giwaye uku. Uku kacal.

Abin da ya fi tsaya min a rai a duk wannan shi ne ba wanda ya yi niyyar kashe ungulun Indiya, mutumin da ya yi wa saniyarsa allura tausayinta ya ji. Amma akwai inda aka yi niyyar, aka ma yi shela. A 1958 gwamnatin Mao Zedong a ƙasar Sin ta ƙaddamar da yaƙi da abubuwa huɗu, ɓera, ƙuda, sauro da gwara. Laifin gwara wai tana cin hatsi. Aka fito da jama'a ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, yara da manya, ana ta buga tukwane da kwanoni da ganguna don kar tsuntsayen su samu wajen sauka, su yi ta shawagi har su gaji su faɗo, ana farfasa ƙwai ana rushe sheƙa. An kashe miliyoyi. Abin da ba a saka a lissafi ba shi ne gwara ba hatsi kaɗai take ci ba, tana cin ƙwari sosai, musamman lokacin da take ciyar da 'ya'yanta. Da ta tafi sai fara da sauran ƙwari suka samu gona babu mai tsaro. A 1960 aka cire gwara daga jerin aka saka kuɗin cizo a madadinta, bayan masana tsuntsaye sun yi ta jan hankali. Yunwar da aka yi a ƙasar daga 1959 zuwa 1961 ta kashe mutane miliyoyi masu yawa, kuma a nan ina so in yi adalci, don na ga masu ba da labarin nan kamar gwara ce kaɗai sanadi, ba haka ba ne, akwai munanan tsare-tsaren noma, akwai jami'an da ke ƙara gishiri a rahoton amfanin gona, akwai kwashe manoma da aka yi zuwa narkar da ƙarfe. Kashe gwara ƙari ne a kan wuta da ke ci.

Irin wannan ƙarin gishirin ma shi ya sa nake ɗan ja baya da labarin kyarketan gandun dajin Yellowstone a Amurka da ake ta yaɗawa a bidiyo, wai an dawo da su a 1995 sai komai ya gyaru har koguna suka canza hanya. An dawo da su ɗin gaskiya ne, sun kuma rage yawan manyan barewin da ke cinye ƙananan bishiyoyi, amma masanan kansu har yau suna musu a kan girman tasirin. Daji ba inji ba ne da za ka mayar da kusa ɗaya ya tashi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Kenya, don shi ya nuna yadda zaren yake da tsawo. A gandun dajin Ol Pejeta da ke yankin Laikipia akwai wata bishiyar ƙaya da ke da wasu ƙulle-ƙulle a gindin ƙayoyinta, wasu tururuwa na zama a ciki, bishiyar na ba su ɗaki tana ba su wani ruwa mai zaƙi, su kuma aikinsu gadi. Giwa na miƙo hanci za ta karya reshe sai su yi mata caa su shige cikin hancin suna cizo, dole ta haƙura. Ka ji fa, giwa guda tururuwa ke kora. Sai wata baƙuwar tururuwa mai ƙaton kai ta shigo yankin ta hanyar zirga-zirgar mutane da kayansu, ta karkashe 'yan gadin ta cinye ƙwansu, ita kuma ba ta kare bishiyar da komai. Giwaye suka samu sake, suna karya bishiyoyin ninki biyar zuwa bakwai fiye da da. Daji ya yi fili. To zaki da ma da laɓe yake farauta, sai ya samu abin ɓuya ya matso kusa kafin ya yi tsalle, yanzu kuma jakin dawa na hango shi tun daga nesa. Binciken da aka wallafa a farkon 2024 ya nuna daga 2003 zuwa 2020 kason jakin dawa a abin da zakunan ke kamawa ya sauko daga 67 zuwa 42 cikin ɗari, na ɓauna kuma ya tashi daga sifili zuwa 42. Zakunan ba su ragu ba tukuna, sun dai koma farautar ɓauna wadda ta fi haɗari kuma sai an haɗu da yawa. Tururuwar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ta canza wa zaki abinci, kuma ko haɗuwa ba su taɓa yi ba.

Wani lokacin kuma mu ke ɗauko baƙon da hannunmu. A 1935 aka kai wasu manyan kwaɗi 102 daga Hawai zuwa Queensland a Ostireliya don su cinye ƙwaron da ke lalata rake. Ƙwaron na can saman kara, kwaɗo na ƙasa, ba su ma cika haɗuwa ba. Kwaɗin ga guba a fata, maciji ko guza ko ƙaramin kada ya haɗiye su ya mutu, mace ɗaya kuma tana iya zuba ƙwai har 30,000 a lokaci guda. Yanzu sun bazu har yammacin ƙasar.

In ka koma manyan alƙaluma kuma sai kanka ya yi nauyi. Rahoton kwamitin masana na duniya da aka fitar a 2019 ya ce jinsin halittu kusan miliyan ɗaya na fuskantar barazanar ƙarewa, kuma babban sanadi shi ne yadda muke canza ƙasa da teku, sare daji a yi gona ko gini, sai kamun da ya wuce kima, sai sauyin yanayi, gurɓata muhalli da baƙin halittu irin su kwaɗon can. Ni dai miliyan ɗaya ba ta shiga kaina, ban iya hango ta ba. Abin da ke shiga kaina shi ne a cikin miliyan ɗin nan yawancinsu ƙwari ne da tsirrai da ƙananan abubuwan da ko suna ba mu ba su ba balle mu san aikinsu, ita ungulu ma da take ƙatuwa a gaban idon kowa sai da ta ɓace aka san me take yi, ina ga tsutsar da ke cikin ƙasa ko ɗan ƙwaron da ke kai garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Kuma kun lura duk kamfen ɗin ceton dabbobi hoton wa ake sakawa? Panda, damisa, ɗan giwa mai kyan gani. Ban taɓa ganin an yi 'yar tsanar ungulu an ba yaro ya rungume ba. Ina ganin son kyau ɗin nan namu na cikin abin da ke cutar da mu, muna zaɓen wanda za mu tausaya wa da fuska, alhali mai kwashe shara ba ya cika kyan gani.

Kuma kar a ce an koyi darasi an gama. Bayan duk abin da ya faru a Indiya, Sifaniya, wadda ita ke da mafi yawan ungulayen Turai, ta amince a yi amfani da daikulofenak ga dabbobi a 2013, kuma an tabbatar cewa shi ya kashe wata ungulu a can a 2020. Ita Indiyar ma sai a 2023 ta hana wasu magungunan biyu masu irin wannan illa, a wata cibiya da ke garin Pinjore na ƙasar kuma ana ta kiwon ungulaye a keji ana lallaɓa ƙwai ɗaya-ɗaya kamar zinare don a sake su daji.

Shi dai yaron na gaya masa ba kaza ba ce, na kuma yi masa alkawarin zan nuna masa ta gaske in mun gani. Tun ranar duk inda na fita sai na ɗaga kai, har wani ya tambaye ni ko jirgi nake nema. Sati uku kenan, shirwa na gani sau biyu.