Kafin A Miƙa Wa Yaro Kwamfuta

Cikin duk ayyukan da ake kawo mana shago, babu wanda nake ba wa lokaci kamar shirya kwamfutar gida wadda yara za su riƙa taɓawa. Canza gilashin da ya fashe ko batirin da ya mutu, wannan yaran da ke koyon aiki a hannuna ma sun iya. Amma idan uba ya shigo ya ajiye kwamfuta ya ce, "Malam, ta yara ce, a shirya musu ita," to ni da kaina nake jawo kujera. Kafin in kunna ta sai na yi tambayoyi: yara nawa ne, shekarunsu nawa, a wane ɗaki za a ajiye ta, wa zai riƙe kalmar sirri. Wasu suna ganin kamar bin diddigi nake yi, alhali abin da ya dace da ɗan shekara 6 ba shi ne ya dace da 'yar shekara 14 ba.

Aikin farko shi ne wanke na'urar tas, kuma a nan ne raina yake ɓaci kusan kullum. Sau da yawa ina buɗewa sai in tarar wani ya riga ni taɓa ta, irin waɗanda suka koyi aiki na wata biyu suka kafa allo. Sun loda Windows na sata, kuma da yake mai tsaron da ke zuwa da Windows ɗin, wato Defender, yana kama manhajar da suke fasa lasisi da ita, sai su kashe shi gaba ɗaya. Su kuma kashe sabuntawa don kada asirinsu ya tonu. Sai a ɗauki wannan na'ura mai ƙofa a buɗe a kai wa yara! A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Birtaniya, bayan tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da facin da ke toshe ramin. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka ji a jikinsu. Ni ba na gina komai a kan Windows na sata. Ina kwashe hotuna da takardun gida in adana, in goge komai, in dasa na asali.

Akwai kuma batun tsofaffin na'urori. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 yadda ya saba, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin da iyaye ke sauke wa yara ba sa ɗaukar Windows 11 saboda ba su cika sharuɗɗansa ba. Ba na cewa a zubar da su. Ina cire tsohon faifan ajiya mai juyawa in sa SSD, wato ma'ajiyar zamani mai sauri wadda ba ta juyawa, in ƙara ƙwaƙwalwa idan akwai gurbi, in dasa Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta, a madadin Windows. Na'urar da take ɗaukar minti biyar kafin ta farka sai ka ga ta tashi kafin ka gyara zama.

Daga nan sai asusu, wato sunan da kowa ke shiga kwamfutar da shi, kuma wannan darasi da kuskurena na koye shi. Lokacin ina yaron shago, zamanin Windows XP, kusan kowace kwamfuta asusu ɗaya gare ta, kuma mai cikakken iko. Maigidana ya ba ni aikin wani bawan Allah, na kwana biyu ina dasa manhajar tace shafuka, na gwada ta, komai daidai. Ba a yi mako ba mutumin ya dawo ransa a ɓace: ɗansa mai shekara 11 ya cire manhajar da kansa, domin na bar shi da ikon cirewa. Maigidana bai yi mini faɗa a gaban mutumin ba. Bayan ya tafi ya kira ni ya ce in zauna in buɗe asusu biyu, in shiga na ƙasan, in yi ƙoƙarin cire wani abu. Na gwada, na'urar ta hana ni, sai mai cikakken iko. Ya ce, "To ka gani, yaro? Ka sa kwaɗo ka bar makulli a jiki." Allah Ya saka masa da alheri. Tun daga ranar, ikon dasawa da cirewa yana hannun iyaye kaɗai, kowane yaro kuma da nasa ƙaramin asusun da sunansa. Har kalmar sirri nake sa wa BIOS, wato saitin da ke tayar da na'urar kafin Windows ya buɗe, don kada babban yaro mai wayo ya tayar da na'urar daga filas ya kewaye duk abin da muka yi.

Tacewa kuwa hawa-hawa muke yin ta. A kan Windows akwai Family Safety na Microsoft, wanda ke ba iyaye damar ƙayyade awoyin amfani, da hana manhajojin da suka fi ƙarfin shekarun yaro, da samun rahoton mako. Abin da masu aikin gaggawa ba su sani ba shi ne tace shafukansa a burauzar Edge yake aiki, don haka dole a tabbatar sauran burauzoji suna toshe a asusun yaron. Idan Chromebook ce, Family Link na Google ne. Idan Mac ce, Screen Time. Hawa na biyu a kan rauta yake, na'urar da ke raba intanet a gida. Duk shafin da aka nema, sai na'ura ta fara tambayar wata uwar garke adireshinsa, abin da ake kira DNS. Idan na sauya wannan uwar garke zuwa masu lamba 1.1.1.3 da 1.0.0.3, waɗanda kamfanin Cloudflare ya buɗe wa iyalai a 2020, shafukan batsa da na ƙwayoyin cuta ba za su samu amsa ba, a kan duk na'urar da ta hau intanet ɗin gidan. Sai in kunna SafeSearch, mai tace sakamakon batsa, a wajen bincike, ƙanana kuma in mayar da su YouTube Kids.

Ina faɗa wa kowane uba gaskiya cewa babu matatar da ke kama komai. Yaron da ya jona kwamfutar da intanet ɗin wayar abokinsa ya tsallake rauta. Shi ya sa nake nacewa a ajiye ta a falo, fuskarta na kallon inda mutane ke wucewa. Duk wanda ya ce maka ya kulle ta ɗari bisa ɗari, kuɗinka kawai yake so.

A daidai nan ne ciniki ke tashi. "Haba Malam, ai danna-danna ne kawai! Wancan na bakin hanya cikin minti ashirin ya ce zai gama." Sai in ce, "Alhaji, zai gama kuwa, amma ka tambaye shi wa zai riƙe ikon cirewa." Araha ba ta ado. Da yawa sun tafi sun dawo bayan wata biyu da na'ura cike da tallace-tallacen da ba ka so ɗanka ya gani, kuma aikin ya zama biyu, domin sai na warware nasu kafin in fara nawa.

Ɓangaren da na fi jin daɗinsa shi ne cika ta da abin amfani. Kwamfutar da aka kulle ko'ina ba a sa mata komai ba, yaro zai gaji da ita ya koma wayar mahaifiyarsa, kun ga an yi ba a yi ba. Ƙanana ina dasa musu GCompris, mai wasannin koyo sama da 100 na ƙirga, haruffa, launuka da sarrafa linzamin kwamfuta, da Tux Paint na zane. Sai Tux Typing, domin yaron da ya koyi bugu da yatsu goma tun yana ƙarami ya samu abin da zai amfane shi har tsufa. Daga shekara 8 zuwa sama akwai Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007: yaro yana jera tubala masu launi, kyanwa ta yi tafiya, ta juya, ta yi magana, bai ma san ya fara rubuta manhaja ba. Ina sa wanda ke aiki ba tare da intanet ba. Haka Kiwix, wadda ke ba ka damar sauke Wikipedia ka karanta ko babu layi, da Stellarium mai nuna taurari da sunayensu, da LibreOffice don aikin makaranta. Dukkansu kyauta ne kuma halal, babu dalilin satar komai. Ba na mantawa da kunna madannin Hausa, don yaro ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda suke.

Wata rana wata uwa ta dawo da kwamfuta don fankarta na ƙara, 'yarta na biye da ita. Ina cikin kwance murfi yarinyar ta ce, "Kawu, kada ka goge mini wasana." Na buɗe na ga ta haɗa wasan lissafi a Scratch, mai ba da maki idan ka ci, ta yi shi ne don ƙaninta. Na ajiye sukundireba na buga wasan har ƙarshe. Ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar ranar ba.

Abu ɗaya da ba na yi ko an roƙe ni shi ne buɗe wa ƙaramin yaro Facebook ko TikTok da shekarun ƙarya. Ƙa'idarsu shekara 13 ce, kuma tushenta wata dokar Amurka ce ta 1998 mai kare bayanan yara a intanet. Idan ka ƙara wa yaro shekaru, shafin zai ɗauke shi babba, ya nuna masa abin manya, baƙi kuma su samu hanyar yi masa magana. Na rasa abokan ciniki a kan wannan, ban kuma sauya ba.

Ranar karɓa ba na miƙa na'ura a bakin ƙofa. Uba ko uwa sai sun zauna, su sa kalmar sirrinsu ina juya baya, kuma ina roƙonsu kada ta zama ranar haihuwar yaro ko lambar waya, domin su yara ke fara gwadawa. Sai mu shiga asusun yaron tare, mu nemi shafin da aka toshe su ga amsar da idonsu, in nuna musu yadda ake ƙara awa ɗaya ranar hutu da yadda ake karanta rahoton mako. Bayan mako biyu nakan kira in ji ko akwai shafin makaranta da matatar ta toshe bisa kuskure, domin hakan na faruwa, in faɗa musu yadda za su buɗe shi da kansu.