Yadda sensar jabu ta kusa sa ni sayen ƙwaƙwalwar mota

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2006, kuma ba ta taɓa ba ni kunya a hanya ba sai a bazarar da ta wuce, lokacin da ta fara mutuwa da zarar inji ya ɗauki zafi. Da safe takan tashi da kik ɗaya, amma idan na shiga cunkoson titin Zariya da rana tsaka, sai ta ɗauke kamar an zare makulli, ba kuma za ta sake tashi ba sai ta huce na kusan rabin awa.

Bakanikena ya kira mai kwamfuta, ya jona na'urarsa a soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tun 1996. Lambar da ta fito ita ce P0335, nan take kuma aka yanke hukunci cewa sensar karanshaf ce ta mutu. Wannan sensa ita ce ke sanar da ƙwaƙwalwar mota yadda inji ke juyawa, idan kuwa saƙonta ya yanke, ƙwaƙwalwar ba za ta ba fulogi wuta ba, ba za ta bar nozul ya fesa mai ba. Na sayo sabuwa a wani shago, cikin kwali mai sheƙi ɗauke da sunan Denso, kamfanin da ke ƙera wa Toyota irin waɗannan kaya, a kan kuɗin da araharsa ya kamata ta sa ni shakka. Mota ta yi mako biyu lafiya, sannan ciwon ya dawo, har ya fi na da tsanani. Da aka sake ganin P0335, sai aka ce tunda sensa sabuwa ce, babu makawa ƙwaƙwalwar ce ta ƙone.

Allah ya taimake ni, wani maƙwabcina ya kai ni wurin wani dattijo mai wayarin kafin in kashe wannan kuɗi. Abin da ya fara faɗa mini shi ne: "Malam, kwamfuta ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi saƙo bai iso ba." Gaskiyarsa ce, domin lambar tana nuni ne da layin gaba ɗaya, wato sensa da soket da wayoyin da ke tsakaninta da ƙwaƙwalwa, kuma kowanne daga cikinsu yana iya katse saƙon.

Da mitar auna lantarki ya fara, ba da sifana ba. Ya auna batir ya sami bolt 12.6, ya tayar da inji ya ga caji ya haura 14, ya duba wayar da ke haɗa batir da jikin mota, sannan ya bi wayar sensar da yatsunsa sannu a hankali har zuwa soket. A can ya tarar baƙin mai ya jiƙa soket ɗin, ɗaya daga cikin ƙarafan ciki kuma ya saki, ba ya kamawa sai da ƙyar. Ya ce cirewa da mayarwar da aka yi ranar da aka canja sensa ita ta goge dattin, shi ya sa na sami sauƙin mako biyu. Bayan haka ya aiki yaronsa wurin mai shayi ya karɓo ruwan zafi a kofi, ya tsoma kan sabuwar sensar yana riƙe da mita a ƙafafunta. Ina kallo lambar da ke kan mitar ta riƙa rawa, can sai ta ɓace gaba ɗaya. Siririyar wayar tagulla da aka naɗe a cikin sensar takan rabu idan ta ji zafi, ta sake haɗuwa idan ta huce. Tsohuwar sensar, wadda na jefa a but ban yar ba, ya yi mata irin wannan gwaji, lambarta ta ɗan ƙaru kamar yadda ya dace amma ba ta yanke ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai game da kayan jabu shi ne ba asarar kuɗinsu kaɗai suke jawowa ba, ɓatar da bincike suke yi, saboda da zarar an ce abu sabo ne sai a cire shi daga zargi a koma kan abin da ya fi tsada. Hakan ya sa yanzu na fi amincewa da sensar Beljiyam da aka ciro daga inji na asali, irin waɗanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, muddin za a auna ta a gabana da sanyinta da zafinta, a kan sabuwar da ban san inda ta fito ba.

Dattijon ya wanke soket ɗin, ya matse ƙarfen da ya saki, ya mayar da tsohuwar sensata mazauninta, kuma da ita nake yawo har yau. Sabuwar tana cikin aljihun mota, ina nuna wa duk wanda ya ce mini zai je sayen ƙwaƙwalwa.